Ranar da Mahauta Suka Shiga Jami'a

Abin da na zuba a wannan tafiya ba shi da wuyar lissafi. Kalangu uku, kuntuku biyu, gangar noma ɗaya, da kasuwar Shinkafi da zan bari ta ci sau biyu ba ni, a lokacin da fata ke da araha. Sai kuma tsoho ɗaya da na ɗauko daga gidansa da alkawarin ba zai ji kunya ba. Ganguna da kasuwa in sun salwanta ana mayar da su. Tsohon ne abin tsoro. A gaban matarsa ya gaya mini cewa wannan ne gwajinsa na ƙarshe: in ya je ya buga bai gamsu da kansa ba, da mun dawo zai kwance kalangunsa, ba zai sake ɗaura shi ba har ya koma ga Allah. Na kuwa san shi, ba ya magana biyu.

Ni fata nake saye da sayarwa. Da ka na fara, ina ɗaukar ɗanyar fata daga wajen mahautan Ƙaura zuwa rumfar wani, har Allah ya ba ni rumfar kaina. Ran Alhamis ina Shinkafi, sauran kwanaki ina zagaya Zurmi da Dauran da ƙauyukan tsakani. Fatar awaki tana tafiya Kano, kirgin shanu kuma Kudu, inda suke dafa shi su ci. Wanda ke wannan sana'a dole ya san mahauta, wanda kuwa ya san mahautan Shinkafi a wancan zamani ya san Baba, wato tsohon da na ambata.

Baba shi ne makaɗinsu. Bagobiri ne, dogo, da zanensa raɗau har kunne. Ranar kasuwa tun da hantsi yana tsaye a bakin rumfunan fawa da kalangu a hammata, kuma jin sautinsa ne ke gaya wa mutane an yanka sa mai kyau. Kowane mahauci yana da takensa, wato kiɗan da aka san gidansu da shi, wanda ya gada daga ubansa. Baba zai tsaya gaban mutum, ya dube shi, ya buga masa nasa, shi kuma ya ɗaga wuƙa sama ya yi ihu, sannan ya yanko tsoka ya miƙa masa. Haka yake bi rumfa rumfa. Wurina yake sayen fatar da yake ɗaura wa kalangu, ta ɗan akuya mai laushi. Sai ya ɗaga ta ga rana, ya ɗalle ta da yatsa kusa da kunnensa, ya ce, "Wagga ba ta magana, ɗan nan, kawo wata." Ko a gaban mutane ɗan nan yake ce mini, har bayan na je Makka na dawo.

Da aka ba mu jiha, Baba ya sha kiɗa har kafaɗarsa ta kumbura. Ko'ina buki ake. Bayan 'yan shekaru aka zo da Shari'a, ina cikin waɗanda suka yi murna, kuma har gobe ban ɓoye ba: an gyara mudu, gidajen giya sun rufe, mai ƙaramin ƙarfi ya sami wurin kai ƙara. Amma kiɗa ya yi sanyi. Ni ba malami ba ne, ba zan ce ga hukuncinsa ba. Abin da idona ya gani shi ne, ba wanda ya zo ya ƙwace wa Baba kalangu. Mahautan ne da kansu suka fara jin nauyi. In ya tunkaro, sai mutum ya ce, "Baba, a bari dai yau," ya yanko masa tsokarsa kamar kullum. Wannan tsokar ce ta fi yi masa ciwo. Ya ce mini naman da aka ba shi bai buga ba sadaka ce, shi kuwa ba maroƙin sadaka ba ne. Ya rataye kalangun a ɗaki, ya koma zaman ƙofar gida.

Ana nan, wata rana ina auna gishirin fata a rumfata ta Ƙaura, ɗan kabu-kabu ya sauke wani mutum da riga da wando irin na ma'aikata. Ya yi sallama, ya gaishe ni da Hausar da ta fi tawa zama ta Zamfara. Ashe Bayarabe ne, a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa na Ƙaura aka haife shi, ubansa direban jirgi ne. Yanzu malami ne a wata jami'a can ƙasarsu, kuma abin da yake koyarwa shi ne kiɗa.

Na ajiye mudun gishiri na ce, "Malam, kiɗa? Wanda ake yi da ganga?"

Ya ce, "Shi fa, Alhaji."

"Har a ba mutum takardar shaida?"

"Har ya zama dakta."

Na yi dariya har na riƙe ciki, shi ma ya taya ni. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Yana son gangunan ƙasarmu don ɗalibansa, kuma ya tsara wani kiɗa da za su yi a gaban manyan jami'a, ya bar wa kalangu wuri a tsakiyarsa. Ba kowane kalangu ba. Yana yaro, in uwarsa ta aike shi sayen nama, akwai wani dogon Bagobiri da ke zuwa kasuwar Ƙaura yana yi wa mahauta kiɗa, shi ne ya sa shi wannan hanya. In abin ya yi kyau, jami'a za ta riƙe mutumin ya koyar da ɗalibai na 'yan watanni. Yana raye?

Washegari muka hau mota sai Shinkafi. Tsakanin Gobirawa da Yarabawa akwai wasa na kaka da kakanni, saboda haka da na gaya wa Baba ko wane ne baƙon, sai ya gyara zama a kan tabarma ya ce, "Af, bawana na ashe. Matso, mi ka kawo ma ubangijinka?"

Malam ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ai mu ne iyayengiji. Wannan zanen na fuskarka ma mu muka yi maka, don kada ka ɓace mana a kasuwa."

Rabon da in ji Baba ya yi irin dariyar da ya yi ran nan har na manta. Amma da aka zo maganar tafiya sai dariyar ta tsaya. Ya ce hannunsa ya kwana biyu bai taɓa fata ba. Ni na matsa masa. Na ce zan kai shi da kaina, in tsaya har a gama, ba zan bari ya ji kunya ba. Nan ne ya kira matarsa ta tsaya bakin zaure, ya faɗi sharaɗin da na ambata.

Sauran gangunan ba su ba ni wuya ba. A Zurmi da Dauran na same su rataye a ɗakunan makaɗa, gizo-gizo ya yi saƙa a jikinsu. Na saya, na sa aka sake musu fata. 'Yan kasuwa suna ta yi mini tsiya, wai kowa na neman rabuwa da ganga, Alhaji na tarawa, ko zai buɗe gidan rawa ne. Ban tanka wa kowa ba. Na loda su a kan kirgin da zan kai Kudu, na sa Baba a gaban mota da kalangunsa a cinya, ya ƙi yarda a sa shi a baya. Tun daga Gusau yake ƙorafin warin kirgi har muka tsallake Kwara, daga nan kuma ya koma ƙorafin itatuwa, wai sun yi yawa, mutum ba ya ganin inda za shi.

Ɗakin kiɗan jami'ar ya ba ni mamaki. Ganguna ne jere har bango, nasu na Yarabawa masu ƙararrawa a baki, da wasu manya na Turawa kamar tukwanen rini, da wani abu na katako da aka jera kamar haƙarƙari ana bugawa da sanduna. Kowane ɗalibi da takarda a gabansa, an zana kiɗan da ɗigo-ɗigo, yana dubawa yana bugawa. Na tsaya na saurara da kunnen ɗan kasuwa mai neman aibin kaya, ban samu ba. Yaran sun iya.

Kalangu ba ya tafiya shi kaɗai, sai da kuntuku, ƙaramar gangar da ke riƙe masa ƙafa yana yawo a kanta. Malam ya nuna wata ɗaliba siririya mai gilashi ya ce ita za ta riƙe. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, mace?" Na ce ya bari ya ji tukuna. Ya buga mata abin da yake so a cinyarsa sau biyu, ta ɗauka. Ya yi sauri, ta bi shi. Ya ja baya da gangan don ya kayar da ita, ta tsaya inda take ba ta motsa ba. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wagga ɗiya hannunta bai rawa. A bar min ita."

Na ɗauka an gama. Ashe nan matsalar ta fara.

Da aka zo wurin da aka bar wa kalangu, ɗalibai suka yi ƙasa da kiɗansu, Baba ya shiga. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Amma ni da na san shi a bakin rumfunan fawa, na ji kamar wani ne ya ari hannunsa. Kalangun yana ƙara, ba ya cewa komai. Aka sake, aka kuma sakewa, haka. Ɗalibai suna tafa masa don ladabi, shi kuwa ya san tafin ladabi. Da muka koma masauki aka kawo mana tuwo, ya ci loma biyu ya ture.

Malam ya same ni a gefe ya ce, "Alhaji, ba wannan na ji ina yaro ba. Ko na yi masa wani laifi ne? Ko ɗakin ne bai yi masa ba?"

Na ce mu je mu tambaye shi, ai ba a ciniki da zato.

Baba yana zaune bakin gado da kalangu a gefensa. Ya ce, "Bawana, ba ka yi min komi ba. Amma ka gaya min, wa nika yi ma kiɗa a ɗakin can? Kujeru?"

Malam ya ce ai ranar wasa zauren zai cika maƙil, manyan malamai da baƙi.

"Suna amsawa?"

"A'a, Baba. Shiru suke yi har a gama, sannan su tafa."

"Shiru? Awa zaman makoki?" Ya girgiza kai. "Ni tun da ubana ya ba ni kalangu ban taɓa buga shi ga iska ba. Mutum nika kallo, in kira shi da taken gidansu, shi amsa, sannan hannuna shi san inda za shi."

Malam ya ce, "To ka kalle ni, ka buga mini nawa."

"Kai wane take gare ka? Ubanka jirgi yaka tuƙi. Jirgi shi ka yi ma kainai kiɗa."

Muka yi dariya mu uku, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Da Malam ya fita, Baba ya ce mini in an gama wasan in nemo mana mota da wuri, yana son ya koma gida. Na gane abin da yake nufi.

Ni kuma ina da kirgin da zan sauke. Da safe na bi motar zuwa kwata, inda ake yanka shanun garin, don can masu sayen nawa suke. Ina tsaye ana ƙirga kaya sai na ji wani daga bayana yana faɗa da yaransa: "Ku ja wanga sa ku kai shi can, mi kuka jira?" Na juya da sauri, don wannan harshen ba na Kano ba ne, namu ne. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai furfura a gemu, da wuƙa a hannu. Na yi masa sallama, muka gaisa, na tambaye shi gida. Ya ce Zurmi. Shi ne Sarkin Fawan Hausawan wurin, ya bar gida tun yana saurayi, kuma rabin mahautan kwatar mutanen ƙasarmu ne, na Shinkafi da na Moriki da na Dauran.

Ya tambaye ni abin da ya kawo ni bayan kirgi. Na gaya masa. Da na kwatanta masa Baba, sai ya ajiye wuƙar a kan teburi a hankali.

"Dogon Bagobirin nan? Yana da rai?"

"Yana cikin garin nan yanzu haka."

"Allahu akbar. Shi ka yi ma tsohona kiɗa. Ran da anka naɗa tsohona Sarkin Fawa, shi ya buga tun daga ƙohwar gida har kasuwa, ina biye ina riƙe da rigar tsoho." Ya goge hannu a zanen da ya ɗaura. "Alhaji, rabona da jin taken gidanmu, ɗana na hwari ba a haihe shi ba."

Nan take lissafin ya haɗu mini. Ga mai kaya can ya rasa mai saye, ga masu saye nan sun rasa kaya, ni kuwa aikina ke nan tun ina yaro. Na ce masa jibi bayan la'asar za a yi wasan a jami'a, ya zo da duk wanda gidansu ke da take.

Na koma na sami Malam a ofishinsa na ce ina son kujerun gaba, layi guda cur. Na kuma gaya masa gaskiya: mutanen da zan kawo ba za su yi shiru ba, za su tashi, za su yi ihu, ban ma san iyakar abin da za su yi ba. In yana tsoron manyansa, ya faɗa tun yanzu. Ya daɗe yana juya alƙalami a hannu. Sannan ya ce, "Wurin nan na tsakiya ban rubuta komai a cikinsa ba, don ban san abin da zan rubuta ba. Kawo su." Ya tara ɗalibansa ya ce musu kome ya faru a zauren, su dubi hannunsa kawai, kada wanda ya tsaya.

Baba ne ban gaya wa ba. Na san mahauta, alkawarinsu yana bin kasuwa: in shanu suka iso a makare, ba wanda zai bar nama ya zo kallon ganga. Ban so in sa wa tsoho rai sannan ya ga kujeru wayam.

Ranar wasa zauren ya cika kamar yadda Malam ya faɗa. Manyan malamai da matansu, wasu da kwat, wasu da manyan riguna irin nasu. Layin gaba kuwa ba kowa sai ni kaɗai a tsakiya kamar wanda aka yi wa horo. Mai tsaron ƙofa ya zo sau biyu yana tambaya ko a ba wasu kujerun, na ce a'a. Har an fara jawabi, gumi ya jiƙa mini hula, sai ga su. Sun yi wanka, sun sha manyan riguna da guga, ƙamshin turare ya riga su shigowa. Sarkin Fawa a gaba, na bayansa ɗauke da wani ƙunshi a takardar siminti. Suka zauna suna gaishe ni da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar gajiya, mutanen baya suna ta leƙe.

Aka fara. Zan faɗi gaskiya, kiɗan Malam ya yi daɗi. Ya soma da gangunan Yarabawa a hankali kamar masu hira, sai manyan tukwanen nan suka shigo daga ƙasa har kana ji a ƙirjinka, abin katakon yana zuba a kansu kamar ruwan farko a kan kwano. Gangar noman da na sayo a Dauran ma an ba ta wurinta, wani ƙaton yaro yana dukanta kamar ya taɓa riƙe fartanya. Mahauta suka natsu. Na kusa da ni ya raɗa mini, "Alhaji, wai duk a takarda sunka gani?" Na ce duk a takarda.

Sai kiɗan ya yi ƙasa, ya rage kuntukun yarinyar kaɗai. Baba ya fito daga gefe da farar rigarsa, kansa a sunkuye, bai dubi kowa ba. Ya fara bugawa kamar yadda yake yi a gwaji, daidai, ba rai. Na juya zan yi wa Sarkin Fawa magana, na tarar ya riga ya miƙe.

Ya ɗaga hannun dama sama kamar mai riƙe da wuƙa, ya buɗe murya yadda ake yi a kasuwa: "Bagobiri! Ka mance gidanmu? Zurmi ta gaishe ka!"

Baba ya ɗago kai. Ya ƙanƙance ido yana duban mutumin, ya matso har bakin dandamali. Daga baya ya gaya mini ba fuskar ya gane ba, tsayuwar ce, wai haka uban yake tsayawa da ƙafa ɗaya a gaba. Na ga ya gyara kalangun a hammata, ya matse tsirkiyarsa, sai sautin ya tashi sama kamar an kira sunan mutum daga nesa. Taken gidansu ne. Ni kaina na san shi, na sha jin sa ina yaro da fata a ka.

Sarkin Fawa ya yi wani ihu da ban taɓa jin irinsa daga bakin mai furfura ba. Ya fita daga layi yana takawa, babbar riga tana buɗewa, hawaye na zuba a gemunsa, yana dariya. Sauran suka miƙe gaba ɗaya. Wannan ya ce Shinkafi, ya faɗi gidansu, Baba ya juya ya ba shi nasa. Wancan ya ce Moriki, ya samu. Wani saurayi da aka haifa a can Kudu, bai taɓa ganin Dauran ba, ya faɗi sunan kakansa da shakka, Baba ya zubo masa shi, yaron ya tsaya baki buɗe, manya suna dukan bayansa suna cewa, "Naku na! Taka, ɗan banza, naku na!"

Duk wannan hargitsi yarinyar nan ba ta ɗaga kai ba. Gilashinta ya zamo har kan hanci, ba ta da hannun gyarawa, kuntukun yana tafiya kamar bugun zuciya. Malam kuwa yana tsaye yana kallon Baba, da ya ga inda kiɗan ya dosa sai ya ɗaga hannu ya shigo da gangunan Yarabawa a ƙarƙashinsa, sannan manyan tukwanen, kaɗan kaɗan, ba su danne kalangun ba, sai ma suka ɗaga shi. Wannan ba a takarda yake ba, a wurin ya tsara shi, kuma yaran suka bi hannunsa ba wanda ya kauce.

Sai na ga ana kwance takardar siminti. Cinyar sa ce guda, da kitsenta. Sarkin Fawa ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi matakalar dandamali. Mai tsaron ƙofa ya taho da gudu zai tare shi, Malam ya girgiza masa kai ba tare da ya sauke hannu ba. Mutumin ya hau, ya durƙusa da girmansa, ya ajiye cinyar a gaban Baba, ya ce da ƙarfi, "Ladan kiɗanka, ba sadaka ba!" Ban gaya masa komai game da wannan ba. Haka ake faɗa a gidansu in an ba makaɗi nama.

Nan zauren ya ɓarke. Wata babbar malama mai ɗaurin kai kamar faifai ta fara rangaɗa guɗa irin tasu, manyan da aka ce ba sa motsi suka tashi tsaye, wani tsoho mai kwat ya fito tsakiyar hanya yana juya kafaɗa. Malam ya bar abin ya yi iyakarsa, sannan ya ɗaga hannu biyu, ɗalibai suka koma kan abin da ke rubuce. Baba ba ya karatun takarda, amma yana kallon kafaɗar yarinyar, da ta ɗaga sandarta ta ƙarshe shi ma ya ɗaga tasa, suka sauke tare da kowa, ɗif.

A bayan zauren aka gasa cinyar. Mahauta suka tuɓe manyan riguna suka rataye a reshen mangwaro, suka aika aka sayo gawayi da yaji, ɗalibai suka kewaye su. Baba yana zaune a kan benci, ya ci nama har ya nemi ƙari. Ya yanki wuri mai kyau ya miƙa wa yarinyar da hannunsa, ya ce a gaya mata da a ƙasarmu take da ya ba ta kuntukun gidansu. Malam ya zo ya durƙusa ya ce manyansa sun amince, ana son Baba ya zauna ya koyar. Sarkin Fawa ya ce bai yarda ba sai an raba: safiya tasu ce a kwata, yamma ta jami'a. Suka yi ta ja-in-ja a kansa kamar ana cinikin bijimi, shi kuwa yana ta sakace haƙori.

Na ce, "Baba, motar da ka ce in nema fa?"

Ya ce, "Wace mota? Tahi abinka, ɗan nan. Ka ce ma tsohuwa ina gaishe ta, kuma ka aiko min da hwata biyu masu magana, kada ka turo min irin waɗanda ka saba."

Ni kaɗai na dawo a motar da ta sauke kirgi. Da na je Shinkafi na gaya wa matarsa, ta tambaye ni abu ɗaya, yana cin abinci? Na ce har da ƙari. Ta ce to shi ke nan.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Kasuwa biyu da na bari, wani abokin sana'a ya shige mini wurin mahautan Dauran, kuma har yau ba su dawo hannuna ba. Ribar gangunan, abin da muka ci a hanya da kuɗin mota sun cinye ta. Fatar da jami'a ke aikowa a saya lokaci-lokaci ba ta kai a kira ta ciniki ba. A kasuwar Shinkafi kuwa kalangu bai dawo ba, Baba bai sake bugawa a can ba. Amma shekarun da suka rage masa, kowace shekara in an gama girbi sai ya hau mota ya tafi Kudu, ya yi watanninsa tsakanin kwata da jami'a, ya dawo da ƙiba da labarai, kuma ranar da ya rasu kalangunsa a ɗaure yake da sabuwar fata. A wajen kaya na faɗi. A wajen alkawarin da na ɗauka a zauren gidansa na ci riba, kuma a duk cinikin da na yi a rayuwata ba wanda na fi jin daɗin tunawa kamar wannan.